Ɗigo Ɗaya Daga Dadin Kowa

Shekara goma sha tara ina riƙe da alli,
kowace tambaya na san inda amsarta ke kwana:
can bayan littafi, shafi na ɗari uku da wani abu.
Sai ga takarda daga masu nazarin sama,
wai akwai tauraruwa gab da Kaza da 'Ya'yanta
mai dishewa ta dawo, ta dishe ta dawo,
ba a gama gane lissafin numfashinta ba.
Idanu suke nema, ko na wane ne.

Na juya takardar.
Bayanta fari fat.

Muka fita filin ƙwallo bayan isha'i, mu tara.
Madubin hangen nesan aro ne, gurgu ne kuma,
Gidado ya tokare masa ƙafa da rabin bulo.
Rifkatu ce mai agogo, Dija mai biro,
tocila mun ɗaure mata baki da jar leda
don kada ta kashe mana idon da muka sha wuyar bai wa duhu.
Malama Asabe rakiyar 'yan mata kawai ta zo,
dare na uku ta ƙwace littafin,
wai bakwai ɗinmu da ɗaya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ga madatsar ruwa a gefenmu tana gurnani,
amma wuta ta ɗauke.
Gari ya ja tsaki, mu muka yi shewa.
Sama ta sauko har kan gola.

Aikin ba wani ado:
ka dubi wannan, ka dubi maƙwabtanta biyu,
ka ce ta fi wacce, ta gaza wacce, da nawa.
Sauron tafki na karɓar harajinsa a idon sawu.
Can kan ruwa fitilun masunta na lilo
kamar su ma a auna su suke so.

Dija ta rubuta shida da ɗigo huɗu,
ta ɗago: Malam, daidai ne?
Na buɗe baki, na rufe.
Na ce, ban sani ba.
Ban taɓa faɗa wa ɗalibi haka ba.
Ta dube ni kamar na zame a gaban aji,
sannan ta sake sa ido a madubin, ta daɗe.

Ƙarshen damina ne, hadari bai gama sallama ba.
Dare takwas muka rubuta: ba mu gani ba.
Gidado ya ce mu cike gurbin, wa zai sani?
Malama Asabe ta rufe littafin a hankali,
ta ce rami a hanya ya fi gadar kara.

An ce rashin sani ya fi dare duhu.
Ba a faɗa mana ba
cewa in ka zauna cikinsa minti ashirin
ido na buɗewa.

Bayan wata biyu amsa ta zo a wayar shugaban makaranta:
zane ne, ɗige-ɗige dubu kamar an watsa gero,
daga ƙasashen da sai mun duba taswira.
A tsakiya akwai wawakeken giɓi,
daren da gajimare ya rufe wa sauran ido.
Cikin giɓin, ɗigo ɗaya tal.
Shida da ɗigo huɗu.

Baba Tela maigadi ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuska,
ya ce, duk sauron nan, wannan ne ladan?
Dija ta ce, wannan ne.
Ya ce, to, Allah Ya sa albarka,
ya miƙo, ya koma kan bencinsa.
Amma na gan shi, ya ɗaga kai.

Na so in yi musu jawabi, na ma gyara murya.
Rifkatu ta kara agogo a jan haske,
ta ce, Malam, matsa,
saura minti huɗu.